Wayar Mahamane Ba Ta Kama Rezo

Duk layin masu gyaran waya na Tamanrasset an san Illo da abu biyu: ba ya rantsuwa a kan aiki, kuma ba ya karanta saƙon mutane. Na farkon bai dami kowa ba, don masu rantsuwa sun ishi layin har sun yi yawa. Na biyun shi ne ya cika masa tebur da wayoyin mata.

Abin yana da asali. A Agadez ya koyi aiki, wurin wani patoro, wato maigidan shago, da in an kawo masa wayar mace sai ya tara abokai bayan la'asar, yana karanta musu saƙonninta suna dariya. Rannan dariyar ta fita daga shago ta shiga gari, auren wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu ya mutu a kanta. Illo yana nan tsaye lokacin da matar ta zo karɓar wayarta. Ba ta yi zagi ba, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta tafi. Tun daga ranar ya yanka wani kwalin shayi daidai faɗin tafin hannu, duk lokacin da aiki ya kai shi wurin saƙonni sai ya kifa shi a kan gilashin wayar. Kwalin ya bi shi har Tamanrasset. Ya yi baƙi da maiƙon hannu, maƙwabtansa suna yi masa tsiya suna kiransa lulluɓin waya, shi ko a jikinsa.

Ranar Laraba da hantsi Ramatu ta zo. Tun daga nesa ya ga tafiyarta ba ta lafiya ba ce. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ajiye wayar a kan tebur.

"Malam Illo, ba ta kama rezo. Tun Lahadi take wasa da ni, jiya kuma ta yi shiru gaba ɗaya."

"Sannu, Maman Khalida. Har yanzu babu labari?"

"Babu."

Labarin da babu shi na mijinta ne, Mahamane, direba, mutumin Damagaram kamar Illo. Ranar Alhamis da ta wuce ya ɗauki siminti da wani maginin rijiya zuwa wani zangon makiyaya can bayan garin Silet, a kan zai dawo Asabar. Ga Laraba ta yi. In zai shiga daji ƙaramar waya yake ɗauka, mai riƙe caji, babbar kuma ya bar ta a gida, don lambar da ke cikinta ita kaɗai ya haddace. Duk inda ya hau tudu ya samu rezo, wato network, ita yake kira. To, mutum ya ɓace a sahara, wayar da zai kira kuma ta zaɓi wannan makon ta kurmance.

Illo ya san wayar sarai, don shi ya fara saita ta. Wani Bature injiniya da Mahamane ya kai dutsen Assekrem bara shi ya ba shi ita kyauta. Ba irin wayoyin kasuwa ba ce. Manhajar Linux ce a cikinta, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su kulle komai ba, duk mai ilimi yana iya buɗe cikinta ya ga yadda take tunani, ya gyara abin da bai yi masa ba. Illo yana son ta, so na gaskiya, irin wanda makaniki yake yi wa tsohuwar mota mai hali. Sai dai tana da taurin kai. Sashen da ke magana da eriyar kamfani, wato modem, zaman kansa yake yi a cikinta kamar ɗan haya mai ƙofarsa daban. In ya ga dama ya amsa sallama, in bai ga dama ba ko maigidan bai isa ba.

Abu na farko da ya yi shi ne abin da hankali ya ce. Ya cire pus ɗin, wato katin SIM, ya jawo wata tsohuwar ƙaramar waya daga aljihun tebur ya saka shi. Nan take sanduna huɗu suka tsaya.

"Riƙe wannan. In ya kira yanzu za ta shiga. Amma batirinta ya kumbura, ba ta wuce minti biyu ana magana take mutuwa, lasifikarta ma sai kin kasa kunne. Kafin yamma zan tayar miki da babbar, in sha Allahu."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta koma bencin shagon Salima mai sayar da turare, daura da teburinsa, ta zauna ta ɗora wayar a cinya tana kallonta.

Ba a jima ba Hasan ya iso. Buzu ne na Agadez, abokin Mahamane tun suna yaran mota, dogo, da rawani har hanci. Motarsa tana bakin titi da man da ya ishe ta da duro biyu na ruwa. Jiya ya je Silet ya dawo. An ce masa an ga wucewarsu ranar Alhamis, amma zangon makiyayan ya tashi tun watan jiya, ba wanda ya san inda suka koma, kuma daga bayan gari sawun motoci ya rabu ya fi goma. Ya sanar da jandarma, sun rubuta, sun ce za su faɗa wa mutanensu na sintiri, sannan suka yi masa tambayar da shi ma yake yi wa kansa: a ina?

"Wuri kawai nake so, Illo," in ji shi da Hausarsa mai nauyin Tamashek. "Ya ce mini kusa da kaza. Ko dutse, ko kwari. Ni na san sauran."

"Zai kira."

"Ruwan da ya ɗauka na kwana huɗu ne. In sun yi tattali, bakwai, takwas. Yau kwana bakwai."

Ya faɗi wannan a hankali don kada Ramatu ta ji. Ta ji.

Illo ya saka nasa pus a babbar wayar ya duƙufa. Ya ɓalle murfin baya ya duba 'yan makunnan nan ƙanana da ke jere, waɗanda ɗayansu yake yanke wa modem wuta, ko Khalida ta taɓa da wasa. Suna nan daidai. Ya goge wurin zaman pus da auduga da alkol. Ya haɗa wayar da tsohuwar kwamfutarsa, ya buɗe baƙin allon da ake ba ta umarni da rubutu, ya tambaye ta modem nawa take gani. Ta ce babu ko ɗaya. Ya kashe ya kunna, ya jira. Sai ga shi ya bayyana, kamar wanda aka tasa daga barci yana hamma. Ya tambaye shi halin da yake ciki, ya ce yana nema.

Nema dai, nema dai. Illo ya sa shi ya lissafo kamfanonin da yake ji, ya lissafo su duka uku, ƙarfinsu lafiya lau. Ashe ba kurma ba ne, yana ji, shiga ce ba ya yi. Ya hana shi zaɓe da kansa, ya nuna masa kamfanin da zai bi. Ya sauko da shi daga 4G zuwa 3G, daga nan zuwa 2G, don ya san a garin nan wani lokacin sai an bi ta tsohuwar hanya. A 2G ya shiga. Sanduna uku suka fito, Illo ya buɗe baki zai yi hamdala, kafin ya rufe sun ɓace. Ya sake tambaya, wayar ta ce ba ta san wani modem ba.

Sau biyar ana haka. Ya shiga, ya yi minti ɗaya, ya suma.

Abdulnasir, Bakano mai tebur na gefensa, ya leƙo yana cin gyaɗa.

"Oga Illo, kana wahalar da kanka. Yi mata flashin kawai, komai ya koma sabo."

"In na yi flashin hotunan mutane da lambobinsu su tafi ina?"

"To ai network ake nema yanzu, ba hoto ba."

"Ba a ba ni amanar waya don in share ta ba."

Abdulnasir ya ɗaga kafaɗa ya koma. Shi a wurinsa duk ciwon waya maganinsa ɗaya ne, kamar mai maganin tasha. Illo kuwa yana alfahari da cewa shi ba ya share abin mutane. Ku riƙe wannan, don abin da ya biyo baya ya fi ciwo saboda shi.

Ya zargi zafi. Bayan wayar ya yi ɗumi, rana kuma ta fara dukan rumfar kwano. Ya naɗe ta a busasshen ƙyalle ya ɗora a kan tulun ruwan Salima har ta huce. Babu canji. Ya zargi igiyar eriya, ya kwance sukurori goma sha, ya danna kan igiyar da tsinke, ya mayar. Babu canji. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Duk ɗagowar da zai yi sai ya ga Ramatu a benci, ba ta motsa ba, ƙaramar wayar tana cinyarta. Tsoro ya fara kama shi, na kada kiran ya zo batirin nan ya mutu a tsakiyar magana kafin Mahamane ya faɗi inda yake.

Wajen sha biyu da rabi ya shiga wani dandali na intanet inda masu irin wannan wayar suke kai kukansu. Faransancinsa na lekkol, wato makarantar boko, ya tsaya a aji shida, amma na gyaran waya ya yi nisa. Ya yi ta gangarawa har ya tarar da wani da ya kwatanta ciwon daidai: modem ya shiga, ya suma, ya ɓace. A ƙasa wani ya amsa masa. Ya ce a duba ma'ajiyar saƙonni ta cikin modem ɗin kansa. Wani lokacin saƙo yakan zo, modem ya karɓa ya riƙe bai miƙa wa wayar ba, na baya su taru a kansa har wurin ya cika. Daga nan duk shigar da zai yi, kamfani ya turo masa wani, ya rasa inda zai sa, ya shaƙe. Maganin shi ne a kwashe su.

Illo ya jira modem ya farfaɗo, ya yi maza ya rubuta umarnin. Jeri ya sauko a baƙin allo. Layi ashirin da uku, kowanne da lambarsa, daga sifili zuwa ashirin da biyu. Babu sunan mai aikowa, babu abin da aka rubuta, lambobi ne kawai. In mutum yana son ganin abin da ke cikin ɗaya, sai ya sake ba da wani umarni ya buɗe shi.

Ya yi ajiyar zuciya. Ga ɓarawon.

Ya san ko mene ne, ko dai ya ɗauka ya sani. Duk mai pus a ƙasar nan ya san yadda kamfani yake damun mutane da talla, safe da yamma, Larabci da Faransanci, sayi kaza a ƙara maka kaza. Ashirin da uku a kwana uku ba abin mamaki ba ne. Duk da haka ya ɗaga murya.

"Maman Khalida, maigidan yakan rubuto miki mesaj?"

Ta ɗago. Har ta ɗan yi murmushi, na farko tun safe.

"Baban Khalida? Allo ya yi, bai yi lekkol ba. Ko a takardar aiki yatsa yake dangwalawa. Shi dai kira."

"To shi ke nan."

Bai ce mata don me ya tambaya ba, ita ma ba ta bi ba'asi ba. An kira azahar, ta tashi ta ce za ta je ta duba Khalida da ta bari wurin maƙwabta, ta tafi da ƙaramar wayar a hannu.

Illo ya dubi jerin. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba zai ci minti biyar ba. Tunanin ya zo masa, ba za a ce bai zo ba. Amma wayar matar aure ce, mijinta ba ya gari, ita kuma ta ba da baya. In talla ce, ya ɓata lokaci. In ba talla ba ce, to ba nasa ba ne ya gani. Shekara goma sha ɗaya bai leƙa saƙon kowa ba, ba yau zai fara da matar abokinsa ba. Hannunsa ya kai ga kwalin shayin da kansa, ya kifa shi a kan gilashin wayar, alhali babu abin da ke kai. Sannan ya fara gogewa. Sifili. Ɗaya. Biyu. Kowanne sai allon ya ce an goge lafiya. Sau ashirin da uku ya danna.

Ya kashe wayar ya kunna. Modem ya fito tun kafin ya tambaya. Nema, sannan ya shiga. Minti ɗaya ya wuce, biyu, biyar. Ya mayar da shi 4G, ya zauna daram. Ya karɓi wayar Abdulnasir ya kira lambar pus ɗin nasa da ke ciki, babbar wayar ta ɗauki ƙara har mai gyaɗa na tsallake ya waiwayo.

"Ka gani?" in ji Illo. "Ko hoto ɗaya ban taɓa ba."

"Oga ne kai," in ji Abdulnasir.

Ya yi salla da zuciya sakayau. Ya ci shinkafa da wake a wurin 'yar Maraɗi, ya sa aka dafa shayi, har ya aika wa Hasan da kofi a mota. Daɗi yake ji, daɗin mai sana'a da ya kayar da abin da ya gagari kowa. Yana ta duban hanya, yana ɗokin Ramatu ta dawo ya miƙa mata.

Ana gab da la'asar ta dawo, da gudu. Mayafinta ya zame, takalmi ɗaya a ƙafa. Salima tana binta, Hasan ya diro daga mota ya biyo su.

"Yana da rai! Malam Illo, suna da rai! Karanta. Yau dai karanta, ni na ce."

Ta tura masa ƙaramar wayar a hannu. Saƙo ne daga lambar da ba a sani ba, ya shigo minti goma da suka wuce. Illo ya karanta a bayyane.

"Mika'ilu ne magini. Na sake hawa dutsen. Lambobin GPS na wurin da motar ta mutu suna cikin saƙo uku da na turo ran Litinin, ya nuna sun shiga. Me ya hana ku zuwa? Mahamane ba ya iya tashi. Ruwa saura kaɗan. Batir zai mutu."

Maginin rijiyar. Mutumin da ke zaune a gefen Mahamane a mota, wanda ya yi boko, wanda ba wanda ya tuna da shi tun safe. Kuma Illo ya sani, ya fi kowa a layin nan sani, cewa inda rezo ya yi rauni har kira ba ya shiga, saƙo yakan lallaɓa ya wuce. Shi da bakinsa ya sha gaya wa direbobi haka.

"Na kira, a kashe take," in ji Ramatu tana haki. "Amma ba komai. Ran Litinin pus ɗin yana cikin babbar. Suna ciki ke nan. Ka tayar da ita?"

"Na tayar."

"Alhamdu lillahi! Buɗe."

Hasan ya riga ya ciro GPS ɗinsa daga aljihu, ya kunna, babban yatsansa yana kan maɓalli yana jiran lambobi.

Illo ya jawo kwamfutar, ya rubuta umarnin da ya san amsarsa. Allon ya ce babu saƙo. Ya buɗe wurin saƙonni na wayar, babu komai bayan na ranar Asabar. Ya sake rubuta umarnin, kamar wanda ya ga aljihunsa a huje yake ta sake laluba.

Yana iya cewa ba su shigo ba. Yana iya ɗora wa modem, ko kamfani, ko Baturen da ya kawo wayar, babu mai ƙaryata shi a duk Tamanrasset. Bai iya ba.

"Maman Khalida, sun shigo. Suna cikin modem ɗin, su ne suka toshe shi. Na goge su da azahar."

Ba ta gane ba da farko.

"Ka goge. To dawo da su."

"Ba sa dawowa."

"Amma ka gani kafin ka goge. Ka tuna lambobin, ko rabi."

"Ban buɗe ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Don me?"

Abdulnasir ya daina tauna. Illo ya nemi wata amsa a duk cikin kansa, bai samu ba sai wadda yake bayarwa da alfahari shekara da shekaru.

"Ba na karanta saƙon mutane."

Ramatu ta dube shi. Ya taɓa ganin irin wannan kallon sau ɗaya, a Agadez, kuma a kansa ya gina duk mutuncinsa don kada a sake yi masa shi. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta zauna a ƙasa, nan gaban teburin, cikin ƙura da guntayen waya, Salima ta riƙe kafaɗunta.

Ya gwada duk abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya tono bayanan da wayar take rubutawa a kan aikinta, ya tarar da sa'ar da kowane saƙo ya shigo, uku a jere ran Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci, amma ban da abin da ke cikinsu. Ya rubuta tambaya a dandalin nan da Faransancinsa mai karyayyen ƙafa, ya ce rai ne a ciki. Wani ya amsa cikin rabin awa, da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, abin da aka goge daga wannan ma'ajiyar ya tafi. Suka yi ta kiran lambar Mika'ilu da ta Mahamane, suka tura saƙo ya fi goma, a sake turo lambobin. Ko ɗaya bai nuna ya shiga ba.

Hasan ya mayar da GPS ɗinsa aljihu ya koma wurin motarsa. Ya shimfiɗa taswira a kan bonet. Illo ya matso ya ce, da murya ƙasa ƙasa, in dai eriyar wajen Silet ce dutsen yake kamawa, to bai fi kilomita talatin da biyar ba, ko fiye kaɗan tunda a sama ne. Ya zana da'ira da biro.

Hasan ya dubi da'irar.

"Duwatsun da ke cikin nan sun fi wayoyin kasuwar nan yawa. Kuma ban san tafiyar awa nawa ya yi daga mota zuwa dutsen ba."

Ya naɗe taswirar. Ya biya ta wurin jandarma ya nuna musu saƙon, ya ɗauki mutum biyu, suka kama hanya rana tana sauka.

Ranar Lahadi aka same su. Wani mai raƙuma ne ya hango ƙyallin gilashi a cikin wani kwari ya kai Hasan. Su biyun suna kwance a ƙarƙashin motar, sun kafa bargo ta gefen rana. A can aka yi musu sutura, don ba su ɗaukuwa.

Da Hasan ya dawo ya zo teburin Illo ya tsaya, rawaninsa fari fat da ƙura. Illo bai tambaya ba, amma idonsa ya tambaya, Hasan kuma ba mutum ne mai rufa wa gaskiya zane ba.

"Daga Silet awa uku ne, in ka san wurin. Ran Alhamis na wuce ta bakin kwarin, tsakanina da su bai kai kilomita tara ba. Maginin yana jan layi a ƙofar mota da ƙusa, kowace safiya ɗaya, tun ran Asabar da ta mutu musu. Na ƙirga bakwai."

Ya tafi. Illo ya ƙirga a yatsunsa, ko da yake ba ya bukata. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a.

Ya je zaman makoki a unguwar, ya zauna cikin maza a kan tabarma. Ba wanda ya nuna shi da baki. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ce haka ne, shi ma ya ce haka ne. Wani dattijo ma ya dafa shi ya ce, "Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka." Illo ya so a ce wani ya tashi ya mare shi.

Bayan sadakar bakwai Salima ta tsallako daga shagonta ta ajiye tsohuwar ƙaramar wayar a kan teburinsa, an cire pus ɗin.

"Ramatu ta aiko ni. In ta fita takaba gida za ta koma. Ta ce ba ta riƙe ka a zuciya ba. Ta ce babbar kuma ka riƙe, ba ta son ganinta."

"Akwai hotunansa a ciki. Ban taɓa ko ɗaya ba."

"Ta sani," in ji Salima. Ta koma shagonta.

Wayar tana nan a gefen teburin, da pus ɗin Illo a ciki. Tun ranar ba ta sake sakin rezo ba ko na minti ɗaya, sanduna huɗu cif, safe da rana. Ya miƙa hannu zai sa ta a aljihun tebur sai ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Kwalin shayin yana nan kusa da hannunsa. Bai ɗauka ba. Ya buɗe saƙon. Kamfani ne, yana cewa a sayi kiredi yau a samu ninki biyu. Illo ya karanta Larabcin har ƙarshe, sannan ya gangara ya karanta Faransancin.